Man kanumfari zai hana zoɓo da kunun aya lalacewa?

"Assalamu alaikum Malam. Ina sana'ar zoɓo da kunun aya a gida a Zariya, yara ke kai mini shaguna da bakin makaranta. Matsalata rashin wuta. Zoɓon in ya kwana biyu sai robar ta kumbura, kunun ayan kuwa in na yi da safe kafin la'asar ya fara tsami, wani lokaci har da yauƙi. Wata ƙawata ta ce in sayi man kanumfari ko na kirfa, irin na 'yar ƙaramar kwalbar nan da ake rubuta wa essential oil, in ɗiga kaɗan, wai zai yi wata guda bai lalace ba, kuma babu kemikal. Ni kuma tsoron hodar nan da ake sa wa lemo nake yi. Don Allah gaskiya ne? In gaskiya ne, ɗigo nawa zan sa a bokiti mai cin lita 20?"

Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya sa albarka a neman. In na fahimce ki, abu uku kike son sani: ko man nan yana kashe abin da ke ɓata abin sha, ko ya ishe ki a madadin firji da hodar kamfani, da kuma adadin da za ki zuba. Na farkon e ne, babu tantama. Na biyun a'a ne. Na ukun kuwa sai mun yi ɗan lissafi tare, domin lissafin ne zai nuna miki dalilin da ya sa na ce a'a. Ƙawarki ba ƙarya ta yi ba, rabin labarin ta ji.

Wane mai ake nufi?

Abu uku ne ke yawo a kasuwa da suna ɗaya, kuma wajibi ne a raba su tun a nan. Akwai wanda ake jiƙa kanumfari a cikin man zaitun ko man riɗi na wasu makonni a tace. Wannan man girki ne da ya ɗauki ƙamshi, ƙarfinsa kaɗan ne. Akwai man turare da ake haɗawa a masana'anta don humra da sabulu da turaren wuta, wanda ƙamshin kanumfari kawai yake yi, kuma ba a yi shi don ciki ba sam. Na ukun shi ne wanda ƙawarki take nufi: ainihin man da tsiro ke ajiyewa a furensa ko ɓawonsa ko ganyensa, wanda ake fitarwa da tururi. A zuba kanumfari a tukunya, a tura masa tururi, tururin ya kwaso man ya bi ta bututu mai sanyi ya koma ruwa, sai man ya ware a ɗebe shi. Tsohuwar fasaha ce, da ita masanan ƙasashen Musulmi suke tatar ruwan wardi fiye da shekara 1000 da suka wuce.

Wannan na ukun mai ne a suna kawai. In kin ɗiga shi a farar takarda kika bar shi, zai bi iska ya tafi, ba zai bar maiƙo irin na man gyaɗa ba. Gwaji ne mai sauƙi da ke tona asirin wanda aka sirka da man girki, ko da yake ba ya tona wanda aka haɗa da sinadaran turare.

Kanumfari na cikin tsirran da suka fi kowa yawan wannan mai, kashi 15 zuwa 20 cikin 100 na nauyinsa. Ganyaye da yawa ba sa kai kashi 1 ma. Mafi yawan man kanumfari, kashi 70 zuwa 90, wani sinadari ne guda da ake kira yujinol, shi ne ke sa harshe ya mutu in kin tauna ƙwaya ɗaya, shi ya sa ake danna shi a ramin haƙori mai ciwo. Na ɓawon kirfa kuma sinamaldihaid ne ya fi yawa a cikinsa. Tayim ɗin da ake sa wa miya yana da taimol, origano yana da kabakrol, ciyawar shayin nan mai ƙamshin lemun tsami tana da sitral. Ɗaɗɗoyarmu ma, dangane da irinta, wata taimol take ɗauke da shi, wata yujinol. Waɗannan su ne manyan da aka fi gwadawa a kan ƙwayoyin da ke ɓata abinci. Citta da masoro da kimba suna da nasu man, amma man citta bai kai su kanumfari ƙarfi ba, kuma yajin da kike ji a citta ba ya ma bin tururi, a tukunya yake zama.

Yadda suke aiki ba shi da wuyar fahimta. Kowace ƙwayar bakteriya ko yis tana cikin wata siririyar fata ce da aka gina da kitse. Su kuma sinadaran nan ba sa shiri da ruwa, kitse suke so. Da sun sami ƙwayar sai su nutse cikin fatarta su sassauta ta, ta fara yoyo kamar tsohuwar salka, abin cikinta ya tsiyaye, ta kasa samar wa kanta ƙarfi. In sinadarin kaɗan ne ta daina hayayyafa, in da yawa ta mutu. Ba duka ƙwayoyin ne suke jin jiki daidai ba. Irin su Salmonella da E. coli, masu kawo gudawa da zazzaɓin hanji, suna da wata riga ta biyu a waje da ke rage shigar man, don haka sun fi taurin kai. Akwai kuma waɗanda in sun ji wuya sukan shige cikin wani ƙoƙo mai tauri su yi lamo, irin dangin Bacillus da ke cikin ƙasa da hatsi. Waɗannan ko tafasa ba ta gamawa da su, balle ɗigon mai.

Inda gizo ke saƙa

Yawancin labaran da ke yawo a intanet daga faranti aka ɗauko su. A ɗakin gwaji mukan shuka ƙwayoyin a kan wani faranti mai abinci kamar kamu, mu ɗora 'yar takarda da aka jiƙa da man a tsakiya. Washegari sai ka ga fili fetal kewaye da takardar, babu abin da ya tsiro. Abin yana da ban sha'awa, duk ɗalibin da ya fara gani sai ya ɗauka ya gano maganin duniya. Amma faranti ba abinci ba ne. A cikin abinci na gaske akwai kitse da furotin da sitaci, kuma tun da man kitse yake so, sai ya tafi ya narke a kitsen abincin ya bar ƙwayoyin suna shaƙatawa a cikin ruwan.

Wata masaniya a Jami'ar Utrecht ta ƙasar Holan, Sara Burt, ta tattara binciken da aka yi kan wannan ta wallafa a 2004, kuma har yau masu fannin suna komawa gare shi. Abin da ta nuna shi ne, a cikin abinci sai an ninka adadin da ya yi aiki a faranti, wani wuri sau 2, wani sau 10, a cikin cuku mai laushi har ya kan kai sau 100. Adadin da ya yi tasiri a abinci ya kama daga rabin mililita zuwa mililita 20 a kowane kilo.

To mu ɗauki mafi ƙanƙanta, rabin mililita a lita ɗaya. Bokitinki lita 20 ne, kenan mililita 10. Ƴar kwalbar nan da ake sayarwa galibi mililita 10 ce cif. Wato ba ɗigo biyu ko uku ba, kwalbar gaba ɗaya za ki juye a bokiti ɗaya, ɗigo sama da 200. Ki fara lissafa kuɗinta a kan ribar bokitin, ki ga ko kwalliya za ta biya kuɗin sabulu.

Sai maganar lafiya. Robar zoɓo mai rabin lita za ta ɗauki rubu'in mililita, wanda ya kai kusan miligiram 200 na yujinol. Kwamitin ƙwararru na Hukumar Lafiya ta Duniya da Hukumar Abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya ya ƙayyade miligiram 2.5 a kan kowane kilo na nauyin jiki a matsayin abin da mutum zai iya ci kullum ba damuwa. Babba mai kilo 60 rabonsa miligiram 150. Ɗan firamare mai kilo 20 rabonsa 50 ne kacal, roba ɗaya ta ninka masa sau 4. Ba ina cewa zai sha ya faɗi ba ne, don akwai sarari mai yawa a ma'aunin. Amma ke a bakin makaranta kike sayarwa, kuma yaron da ya saya yau shi zai saya gobe da jibi.

Duk wannan ma in an iya sha kenan. Shekarun baya ina koya wa wasu mata masu irin sana'arki, sai wannan tambaya ta taso, na ce maimakon musu mu gwada. Muka dafa zoɓo tukunya ɗaya muka raba a robobi, wasu ba komai, wasu ɗigo ɗaya na man kanumfari, wasu muka yi ta ƙarawa har muka kai adadin da na lissafa miki, muka jera su a kan taga cikin zafin bazara. Masu ɗigo ɗaya sun kumbura kusan lokaci guda da waɗanda ba a sa wa komai ba. Masu yawan sun daɗe, gaskiya sun daɗe. Sai dai da wata dattijuwa a cikinsu ta kurɓa, ta yamutsa fuska ta tofar, ta ce, "Malam, ai wannan maganin haƙori ka haɗa mana." Kuma mun ga wani abin da ban yi musu bayaninsa ba tun farko: man kanumfari ya fi ruwa nauyi, ba ya tasowa sama kamar man gyaɗa, ƙasa yake kwantawa. In ka ɗaga robar a haske za ka ga 'yan ƙwallaye masu ruwan zuma suna gangarawa a gindinta. Mai sha zai fara da zoɓo salam, ya ƙare da kurɓin da zai ƙona masa harshe da maƙogwaro. Man kirfa ma haka yake nutsewa, kuma ya fi zafi a fata.

Kamfanonin lemo suna magance wannan rabuwar da ƙaro, irin wanda ake tsinka a Jigawa da Yobe da Borno, wanda Sudan ta fi kowa fitarwa. Ƙaron ne ke naɗe ƙananan ɗigon man lemo ya riƙe su a cikin ruwa. Sai dai suna da injin da ke farfasa man ya zama ƙanana ƙwarai, abin da ludayi da muciya ba za su yi ba.

Zoɓo daban, kunun aya daban

Kin haɗa su a tambaya ɗaya, amma a wurina ba dangi ba ne.

Zoɓo yana da gata tun daga gona. A ma'aunin tsami da ake kira pH, inda 7 ke tsakiya kuma ƙasa da haka tsami ne, zoɓo yana wajen 3 ko ƙasa. Yawancin bakteriya masu sa cuta ba sa iya hayayyafa a tsami irin wannan. Wanda ke damun ki yis ne, shi ke cin sukari yana fitar da iska har roba ta kumbura, sai kuma fumfuna da ke yin fari-fari a sama. Tsami yana ƙara wa su yujinol kaifi, kuma zoɓo ba shi da kitsen da zai shanye su. Don haka in akwai abin shan da kanumfari da kirfa za su taimaka wa, to zoɓo ne. Kuma kina riga kina amfana, don kanumfarin da kike jefawa a tukunya man nan ne a cikinsa. Giram 10 na ƙwayar kanumfari na ɗauke da mililita 1.5 zuwa 2, ba duka ke fita ba, wanda ya fita kuma a hankali yake narkewa cikin ruwan zafi ba ya taruwa wuri ɗaya.

Amma a nawa ganin, ana zaton wuta a maƙera ne alhali a masaƙa take. Kusan duk matan da na zauna na kalli yadda suke haɗa zoɓo, matsalarsu bayan an sauke tukunya take farawa. Za a dafa shi da kauri, ya tafasa sosai, duk wani yis ya mutu. Sai a tace da mataci da aka ɗauko daga kan igiya, a sirka da ruwan sanyi na randa ko na jarka, a zuba sukari da hannu, a markaɗa ɗanyar abarba ko kokwamba a juye, a ɗura a robobin da yara suka tsinto aka ɗauraye. Kowane mataki a cikin nan sabon yis yake zubawa, ɓawon abarba ma gidan yis ne. Ga sukari, ga zafi. Ba man da zai iya da wannan runduna. A gwajin da na ba ki labari, robobin da suka ba mu mamaki ba masu man ba ne, waɗanda muka dafa komai tare muka ɗura a sabuwar roba ne.

Kunun aya kuwa marainiya ce. Ba shi da tsami, yana sama da 6 a ma'aunin. Yana da sukari na aya da na dabino, yana da sitaci, kuma ita aya kusan kashi ɗaya cikin huɗu nata mai ne, ga kwakwa in kina sawa. Ba a dafa shi. Ayar daga cikin ƙasa aka tono ta, ta kwana a jiƙe cikin zafi, ta bi ta injin markaɗe da ya niƙa gero da wake da tattasai tun asuba ba a wanke ba. Duk sharaɗin da man tsirrai ke buƙata don ya yi aiki, kunun aya ya saɓa masa. Man zai shige kitsen aya ya ɓuya. Abin da ya fi ba ni tsoro ma shi ne ƙamshinsa mai ƙarfi zai rufe warin farko da ke gaya miki kunu ya juya, ki sayar da shi kina ganin lafiya lau. Su kuma ƙwayoyin da ke kwantar da mutum a asibiti, yawancinsu ba sa canza wari ko ɗanɗano ko kaɗan. Tsami da yauƙin da kike gani aikin wasu ne daban, gargaɗi suke miki.

Ba mu kaɗai ke fama da wannan ba. A yankin Balensiya na ƙasar Sifen suna yin abin sha da aya, kusan irin namu, suna ce masa orchata. Da duk wutarsu da injinansu, ɗanyen da ba a sarrafa ba 'yan kwanaki kaɗan yake yi, shi ma a cikin sanyi mai tsanani. Sukan wanke ayar da ruwan kulorin su ɗauraye kafin niƙa. In za su gasa shi da zafi don ya daɗe, ba sa wuce digiri 72, saboda sama da haka sitacin yana kumbura ya koma kamar koko. Ke ma in kin taɓa gwada tafasa kunun aya kin ga haka. In da ɗigon man kanumfari yana wannan aiki, da su suka riga kowa.

Maganar "babu kemikal"

A nan zan ɗan saɓa wa ƙawarki. Yujinol kemikal ne, sinamaldihaid kemikal ne, fitowarsu daga itace ba ta mayar da su ruwan zamzam ba. Likitoci sun rubuta rahotannin yara ƙanana da suka sha man kanumfari cokalin shayi ɗaya zuwa biyu, hantarsu ta lalace, jininsu ya kasa daskarewa. Gidan da yara ke kai-kawo, wannan 'yar kwalba wurinta inda ake ɓoye magani ne. Kirfar da ta fi yawa a kasuwa, mai kaurin ɓawo da ake kira kasiya, tana da wani sinadari kumarin da ke taɓa hanta in ya yi yawa, har hukumar kula da abinci ta Turai ta sa masa iyaka, miligiram 0.1 a kowane kilo na jiki a rana. Amurka ta hana sa safrol a abinci tun 1960, shi ma daga man saiwar wani itace ake samunsa. Hukumar abinci ta Amurka ta amince da man tsirrai da dama, amma a matsayin kayan ƙamshi, a ɗan adadin da ake sawa don ɗanɗano.

Tun da mun zo nan, bari in ja kunnen masu jiƙa ɗanyar tafarnuwa a mai su ajiye a kan kanta, da tunanin tafarnuwa na kashe komai. A 1985 a birnin Bankuba na Kanada mutum 36 suka kamu da gubar botulizim, mai shanye jiki, daga yankakkiyar tafarnuwa da aka ajiye cikin mai ba a sanyi ba. Ƙwayar da ke yin gubar tana son wurin da babu iska babu tsami, ƙarƙashin mai kenan. Ba ta girma a abu mai tsamin da ma'auninsa na pH ya yi ƙasa da 4.6, shi ya sa zoɓo ya tsira daga gare ta.

Hodar da kike tsoro kuma, ina jin sodiyam benzowet kike nufi. Asalin sunanta daga luban jawi ne, ƙaron itacen da aka fara samun sinadarin a jikinsa. A Tarayyar Turai iyakarta a lemon kwalba miligiram 150 ce a lita, wato giram 3 a bokitinki, ki kwatanta da kwalba guda ta man kanumfari. An san adadinta, an san inda take aiki, kuma ba ta sauya ɗanɗano a wannan ma'auni. Illarta tana zuwa ne daga masu ɗiba da cokali suna zubawa da ka. Tana aiki ne a abu mai tsami kawai, don haka a kunun aya asara ce. Kuma ba a haɗa ta da bitamin C, domin su biyun cikin zafi da hasken rana suna iya haifar da benzin, sinadari mai jawo kansa. In kin kai matsayin da za ki yi amfani da ita, to lokacin neman rajistar NAFDAC ya yi, su za su ba ki iyakar da doka ta sa a nan, kuma sai da sikeli mai auna giram.

Inda man tsirrai ke cin kasuwarsa

Kada ki ɗauka na raina shi. Yana da wuraren da ya yi suna, kuma in kin lura duk wuraren da ba sai an narka shi cikin abin da za a sha ba ne. A Japan ana sa wata 'yar leda a cikin kwanon abincin tafi-da-gidanka, mai fitar da tururin sinadarin tsirran nan masu yaji, mustad da wasabi, ya hana ƙwayoyi girma a saman abincin. Bayan Tarayyar Turai ta janye izinin kulorfurofam (CIPC) a 2019, maganin da aka daɗe ana fesa wa dankalin turawa don kada ya tsiro a rumbu, manoma da yawa sun koma turara man na'ana'a da man ɓawon lemo. Tun 2010 Turai ta amince da tataccen ganyen ƙamshi na rozmeri, mai lamba E392, don hana mai da nama yin ɗan warin tsufa, ko da yake shi ba da tururi ake fitar da shi ba, kuma aikinsa hana kitse lalacewa ne, ba kashe ƙwayoyi ba.

Mu ma muna da namu misalin, kilishi. Mutane sukan ce yaji ne ke riƙe shi. Yajin yana taimakawa, citta da kanumfari da masoro da ke cikin labu suna rage ƙwayoyi suna kuma jinkirta warin man ƙuli. Amma a shafa wannan labun a ɗanyen nama mai kauri a ajiye, a ga ko zai kwana biyu. Abin da ke riƙe kilishi shi ne an feɗe naman siriri, rana ta zuƙe ruwansa sau biyu, ga gishiri, ga wuta a ƙarshe. Wani masanin nama Bajamushe, Lothar Leistner, shi ya ba wannan dabara suna a shekarun 1970: a jera wa ƙwayar cuta shingaye da yawa, ko ta tsallake ɗaya ta faɗi a na gaba. Mahautan Kano da Agadas sun daɗe suna yi ba su jira sunan ba. Kayan ƙamshi shinge ɗaya ne, kuma ba shi ne mafi tsayi ba.

Da ni ne ke

A zoɓo, zan auna duk ruwan da nake buƙata tun farko in dafa da shi, kada ɗigon ruwan sanyi ya shiga bayan an sauke. Sukari da abarba da ɓawonta duk su shiga tukunya su tafasa. Kanumfari da kirfa da citta a daddaka su, a zuba a minti 10 na ƙarshe, a rufe tukunya ruf. Wannan ƙamshin da ke cika gida in ana dafa zoɓo a buɗe, man ne ke guduwa, maƙwabta ke shaƙar abin da kika saya. Mataci da ludayi da mazurari a tsoma su a tafasasshen ruwa. In kina da kwalaben gilashi masu murfi mai kyau, ki ɗumama su ki ɗura zoɓon da zafinsa, wajen digiri 85, ki rufe ki kifa su minti biyu don zafin ya taɓa murfin. Robar ruwa ba ta jure wannan, tun wajen digiri 70 take lanƙwashewa, don haka sai a bar tukunyar a rufe ta huce, a ɗura a sababbin robobi da hannu wankakke, a kai inuwa ko cikin kula. Sabuwar roba tana da tsada, na sani, amma ki lissafa robobi nawa kike zubarwa a mako.

In duk da haka kina son gwada man, ki tabbata na abinci ne, mai sunan tsiron da na kamfanin a jiki, cikin kwalba mai duhu. Ɗigo 10 zuwa 20 a bokitin gaba ɗaya, a fara murza shi cikin sukari ko ruwan ƙaro kafin a juye, a motsa sosai. Wannan adadin na ƙamshi ne da ɗan tallafi, kada ki ƙara ko kwana ɗaya a lissafinki saboda shi.

Ban ga ruwan da kike aiki da shi ba, ban ga injin unguwarku ba, don haka duk wanda ya yanke miki adadin kwanaki daga nesa, har da ni, cinta yake yi. Ki ware robobi shida daga dahuwa ɗaya, ki rubuta kwanan wata, ki ajiye su inda kayanki ke zama a shago, kullum ki matsa ɗaya ki ji ko ta yi tauri, ki buɗe ki saurari ko za ta yi tsit. Ranar da ta fara, ki rage kwana ɗaya, iyakarki kenan. Wannan gwajin lalacewa kawai yake nunawa. Sanin ko akwai ƙwayar cuta sai ɗakin gwaji, kuma kina Zariya, Jami'ar Ahmadu Bello na kusa da ke, sashen nazarin ƙananan halittu ne wurin da za ki tambaya.

Kunun aya kuwa ki bar neman abin ɗigawa. Ki tsince ayar ki wanke ta sau da yawa, ki rage tsawon jiƙo ko ki riƙa canza ruwan, ki watsa ta a tafasasshen ruwa na minti ɗaya ko biyu kafin markaɗe, dabinon ma haka. Ki je inji da ruwanki, ki sa a wanke shi a gabanki ko da za ki ƙara wa mai injin wani abu, in da hali ki zama ta farko da safe. Ki tace da dafaffen ruwan da ya huce, ki ɗura, ya shiga ƙanƙara nan take, ba bayan an gama shirya yara ba. Ki yi daidai wanda zai ƙare kafin azahar, in ciniki ya yi kyau ki sake wani da rana. Wanda ya dawo da yamma ba sanyi a jikinsa, kada ya koma kula gobe.